Mujiyar Peczely da Idon Bagobiri

A Kurawa, kamar sauran garuruwan da ke tsakanin Sabon Birni da Isa, tsohuwa ba ta buƙatar takardar makaranta kafin ta karanta ido. Idan jikanta ya kwana uku da zazzaɓi, ya ƙi tuwo ya ƙi fura, takan kama haɓarsa ta juya fuskarsa wajen haske. Da ta ga farin idon ya koma ruwan ɗorawa, sai ta ce shawara ce. Malamin asibiti a ɗakin shan magani shi ma da ido yake farawa. Yakan ja fatar ƙasan idon mai juna biyu, in ya ga cikinta ya yi fari fat maimakon ja, ya san jini ya yi ƙasa. Yaron da ke tuntuɓe da turmi da zarar magariba ta yi kuwa, kowa ya san dundumi ne, likita kuma zai ƙara da cewa abincinsa ya gaza wajen bitamin A.

Duka ukun gaskiya ne, kuma ilimin likitanci na zamani ya tabbatar da su. Saboda haka idan wani ya zo da kwamfuta da wata ’yar kyamara mai fitila, ya ce zai leƙa ido ya faɗi halin da ƙoda da hanta da mahaifa suke ciki ba tare da an ɗebi jini ba, maganarsa ba ta faɗi a kunnen Bahaushe kamar baƙuwa. Ai dama an ce labarin zuciya a tambayi fuska. Irin wannan duba ya daɗe a shagunan sayar da magungunan ƙarin lafiya a manyan birane, yanzu kuma wayar hannu ta kai tallarsa har garuruwan bakin iyaka. Turawa suna kiransa iridoloji. Tarihinsa bai kai tsufan da masu tallarsa suke ba shi ba, kuma mafarinsa wata mujiya ce a ƙasar Hangare.

Abin da ake dubawa shi ne baƙin ido, wato zoben nan mai launi da ke kewaye da ɗigon tsakiya inda haske ke shiga. A idon yawancin mutanen ƙasar Hausa ruwan ƙasa ne mai duhu, a idon wasu Turawa shuɗi ne ko kore. Masu iridoloji suna cewa kowane sashe na jiki yana da gurbinsa a wannan zobe. Sun zana shi kamar fuskar agogo: ƙwaƙwalwa tana sama wajen ƙarfe goma sha biyu, ƙoda tana ƙasa wajen ƙarfe shida, ciki da hanji suna kewaye da ɗigon tsakiya, fata tana can bakin gefe. Idon dama na ɓangaren dama na jiki ne, na hagu na ɓangaren hagu. Ɗigo ko tsaga ko canjin launi a wani gurbi, a faɗarsu, alama ce ta rauni a gaɓar da ke da wannan gurbin.

Akan ambaci wani littafin Philippus Meyeus na 1665 a matsayin inda aka fara rubuta irin wannan tunani, amma wanda ya mayar da shi tsari shi ne Ignaz von Peczely, wanda aka haifa a Hangare a 1826. Labarin da almajiransa ke bayarwa shi ne, yana yaro ɗan shekara goma sha ɗaya ya kama mujiya, garin kokawa ƙafarta ta karye, nan take ya ga wani baƙin layi ya bayyana a ƙasan idonta. Ya yi jinyarta, da ƙafar ta warke sai layin ya sauya kama. Bayan ya girma ya zama likita, wai sai ya ga irin wannan layi a idon wani mutum mai karayar ƙafa, daga nan ya shiga tattara alamu har ya wallafa littafinsa da taswirarsa a farkon shekarun 1880. Bahaushe dai ba ya neman alheri a idon mujiya, amma ba wannan ce matsalar labarin ba. Matsalar ita ce wani ɗan ɗan'uwan Peczely, August von Peczely, ya faɗa a gaban taron masu wannan sana'a cewa labarin mujiyar ƙage ne. Duk da haka har yau da shi ake buɗe darasi.

Na biyunsu wani limamin coci ne a Suwidin, Nils Liljequist. Yana saurayi ya sha kwinin da aidin saboda rashin lafiya, ya ce ya lura launin idonsa ya yi duhu, ya yanke cewa magunguna suna barin tabo a ido. Ya wallafa nasa littafin a 1893. A Jamus wani limamin, Emanuel Felke, ya haɗa duban ido da wankan laka da iska da hasken rana, har aka yi masa laƙabi da limamin laka. An kai shi kotu sau da dama ana sallamarsa, kowace shari'a kuma sai ta ƙara masa suna. Daga Jamus abin ya tsallaka Amurka ta hannun irin su Henry Lindlahr a Cikago, sannan Bernard Jensen, wanda ya rasu a 2001, ya yaɗa shi tun daga shekarun 1950. Taswirar Jensen ce, ko jikokinta, ake gani a manne a bangon shaguna da cikin manhajojin da ake sayarwa tare da kyamarar.

Yana da kyau a lura da zamanin da abin ya tsiro. A ƙarni na 19 hanyoyin da likita ke da su na ganin cikin mutum mai rai kaɗan ne ƙwarai. Sai a 1895 Wilhelm Röntgen ya gano hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi. Magungunan lokacin, irin su zaiba, sau da yawa sun fi cutar illa. Mutumin da ya ce zai gano cuta ba yanka ba allura, ya yi magani da ruwa da ganye da hutu, ba mahaukaci ba ne, kuma watakila majinyatansa sun fi na wasu likitocin tsira, don kawai bai ba su guba ba. Peczely da Liljequist sun yi imani da abin da suka faɗa. Kuskurensu irin wanda kowa ke iya yi ne: sun ga alama a ido, sun ji koken majinyaci, sun haɗa biyun, sun riƙe lokutan da suka dace, sun manta waɗanda ba su dace ba. Shi ya sa taswirorin da aka zana bayan nasu ba su yarda da juna ba. Akwai su da yawa, kuma abin da wannan ya kira gurbin wata gaɓa, wancan yakan ba wa wata.

Gwajin da ya kamata a yi ba mai wuya ba ne. A samo mutanen da aka tabbatar suna da wata cuta, a samo waɗanda aka tabbatar ba su da ita, a ɗauki hoton idanunsu, a cakuɗa, a miƙa wa gwanaye su rarrabe ba tare da sun ga majinyacin ko sun ji kokensa ba.

An yi hakan a San Diyego ta Amurka, aka wallafa sakamakon a 1979 a mujallar ƙungiyar likitocin ƙasar. Mutum 143 aka ɗauka, 48 daga cikinsu gwajin jini ya nuna ƙodarsu ta lalace, 95 kuma lafiya lau. Masu duba uku suka zauna kan hotunan, ɗaya daga cikinsu Bernard Jensen ne da kansa, wanda dole a yaba masa da ya yarda a gwada shi. Babu wanda ya fi canki-canka. Ɗaya ya ce kashi 88 cikin 100 na masu lafiyar suna da ciwon ƙoda. Wani ya ce kashi 74 cikin 100 na waɗanda ciwonsu ya kai ga wankin ƙoda lafiyarsu ƙalau.

A 1988 Paul Knipschild ya maimaita gwajin a Holan da ciwon matsarmama. Ya tara hotunan mutum 39 da ke da cutar, wadda tiyata ta tabbatar, da na wasu 39 marasa ita. Gwanaye biyar suka duba. Abin da suka faɗa daidai bai wuce rabi ba, wato abin da mai jefa kwabo sama zai samu, kuma su biyar ɗin ma ba su yarda da juna ba. A 2005 aka gwada da ciwon daji a Jamus: mutum 110, daga ciki 68 masu cutar. Mai duban ya gano uku. Tun a 2000 Edzard Ernst, farfesan da ya ƙare rayuwar aikinsa yana auna magungunan gargajiya da na madadi da ma'aunin kimiyya, ya tattara gwaje-gwajen da aka yi bisa ƙa'ida, ya yanke cewa hanyar ba ta da amfani, kuma tana iya cutarwa.

Masana halittar jiki ba su yi mamaki ba. An bi jijiyoyin ido ɗaya bayan ɗaya, babu wata da ta taso daga ƙoda ta ƙare a wajen ƙarfe shida na baƙin ido. Akwai kuma wata matsala da ta shafi Bagobiri kai tsaye. An zana taswirorin nan a ƙasashen da idanu masu haske suka yi yawa, inda zaren baƙin ido ke fitowa fili kamar saƙar tabarma. A ido mai duhu, sinadarin launi ya rufe yawancin zaren. Mai duba a Sakkwato ko Maraɗi yana neman tsagogin da aka bayyana a idon mutumin Suwidin, a cikin idon da da ƙyar yake nuna su a hasken fitila.

To me ya sa mutane ke fita daga wurin mai duban suna cewa wallahi ya faɗi gaskiya? Domin manomin da ya haura arba'in a fadamar Rima, da wuya a ce masa yana fama da ciwon baya, da zafin ciki, da kasala, da dattin ciki, ya musanta. Domin kuma an gina maganar yadda ba za ta faɗi ba. Idan asibiti ya tabbatar, mai duban ya ci. Idan asibiti bai ga komai ba, sai a ce ai ido yana nuna rauni tun kafin cuta ta bayyana, a sayi maganin a tare ta. Galibi wanda ya gano raunin shi ne mai sayar da maganin, a kwalabe masu tsada da ake sha wata da watanni. Sannan akwai abin da bai kamata ma'aikatan lafiya su raina ba. Mai duban yakan zauna da mutum rabin awa, ya kalle shi, ya nuna masa hoton idonsa ƙato a allon kwamfuta, ya yi masa bayani da Hausa. Wanda ya taɓa kwana a layin asibiti don ganin likita na minti uku ya san darajar wannan.

Ƙasar nan tana da nata tarihin ilimin ido, kuma ya girmi Peczely. Malaman Sakkwato sun gaji littattafan likitancin Larabci, wanda a cikinsa ilimin ido fanni ne mai zaman kansa tun daga Hunain ɗan Ishaƙ a Bagadaza a ƙarni na 9. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya jagoranci rundunar da ta ci Alƙalawa a 1808, kuma ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya rubuta risaloli da dama kan magani, ciki har da ɗaya kan cututtukan ido da wata kan basur. Da Hugh Clapperton ya ziyarce shi a 1824, cikin abubuwan da ya nema daga Sarkin Ingila har da a aiko masa da likita. Mutumin da ke da ɗakin littattafai irin nasa bai ga kasawa ba a neman ilimin da ba shi da shi. Kuma abin da wannan al'ada ta sa a gaba shi ne ciwon idon kansa, yana da hakiya da kumburi da ƙaiƙayi. Ba ta yi da'awar cewa an zana taswirar hanta a cikinsa ba.

Daga wannan tsohuwar al'ada akwai sana'a ɗaya da ta rayu har yau, kuma labarinta ya fi kowane kama da na iridoloji. Ita ce ta masu kwantar da yanar ido. Yana ita ce gilashin cikin ido da ya dushe. Mai sana'ar yakan soka tsinke mai kaifi ta gefen ido, ya ture gilashin ya faɗa can ciki, hanyar haske ta buɗe. An san wannan aiki a Indiya tun zamanin Sushruta, Larabawa sun yi shi, Turai ma ta yi shi har zuwa tsakiyar ƙarni na 18, lokacin da Jacques Daviel a Faransa ya fara ciro gilashin waje gaba ɗaya. Abin da ke jan mutane a bayyane yake. Tsohon da ya shekara uku ana ja masa gora, a take yake ganin haske da inuwar ’ya'yansa, a gaban jama'a, a ƙofar gidansa. Mai aikin ya karɓi ladansa ya wuce gari na gaba. Abin da ke biyo baya bayan makonni, kumburi da hawan jinin ido da makanta ta dindindin, ba ya nan balle a tambaye shi.

Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya auna wannan. Fiye da kashi 40 cikin 100 na idanun da aka yi wa aikin yana, kwantar da ita aka yi da tsinke, kuma abin ya fi yawa a Arewa da karkara. Fiye da kashi 70 cikin 100 na waɗannan idanu an same su a makance. Wannan kuwa a ƙasar da asibitin ido na Kano yake aiki tun 1943, ga Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. Mutane ba don jahilci suka miƙa idanunsu ga mai tsinke ba. Shi ne ya zo inda suke, likita kuma bai zo ba.

Wannan tazara ce ke sa batun ya yi nauyi a gabashin Sakkwato. Daga Sabon Birni ko Isa zuwa asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo tafiyar sa'o'i ce, a kan hanyoyin da ’yan bindiga suka mayar abin tsoro a ’yan shekarun nan. Iyali kan sayar da akuya ko buhun gero kafin su yi wannan tafiya, kuma sau ɗaya za su iya. Duban ƙarya yana cin su ta fuska biyu. Mai lafiya a ce masa ƙodarsa ta yi rauni, kuɗin akuyar ya tafi a kwalabe. Marar lafiya a ce masa dattin ciki ne kawai, ya koma gida da kwanciyar hankali. Ciwon ƙoda da hawan jini da ciwon suga duk masu tafiya ne a ɓoye, sukan yi shekaru ba zafi ba ciwo, kuma watannin da aka ɓata ana shan maganin wanke ciki su ne watannin da awon jini da na fitsari, masu araha idan aka kwatanta, za su iya kama abin tun ana iya tare shi. Lambar hukumar NAFDAC a jikin kwalbar ganye ma ba shaida ba ce cewa maganin yana warkar da abin da aka ce, shi ya sa akan rubuta a jikin irin waɗannan kwalabe cewa hukumar ba ta tantance da'awar ba. Rubutun ƙanana ne, kuma da Turanci.

Abin ban haushi shi ne, ido da gaske taga ce ta jiki, sai dai tagar tana can baya. A 1851, Peczely yana saurayi, Hermann von Helmholtz ya ƙera madubin da ake leƙa bayan ido da shi ta ɗigon tsakiya. A can ake ganin ƙananan jijiyoyin jini ƙuru-ƙuru ba tare da an yanka ba. Ciwon suga yana sa su ɗiga, hawan jini yana matse su, matsi a cikin ƙoƙon kai yana kumbura kan jijiyar gani. Sau da yawa likitan ido ne ke fara gaya wa mutum ya je a auna sugansa. A gaban ido ma akwai alamu na gaskiya: zobe mai launin tagulla a gefen gilashin waje yana nuna cutar Wilson, wadda ke tara tagulla a hanta, farin kumfa a gefen farin idon yaro kuma alamar ƙarancin bitamin A ce. Bambancin waɗannan da taswirar Jensen shi ne kowace an san dalilinta, an gwada ta a kan dubban mutane, an kuma san iyakarta. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, likitan kirki kuwa bayan ya ƙiyasta da ido sai ya kawo mudun.

Hujja mafi ƙarfi a kan iridoloji ba daga likitoci ta fito ba, daga masana kwamfuta ne. Zanen baƙin ido yana samuwa tun mutum yana ciki, ya kammala kafin haihuwa, launinsa ya zauna a farkon ƙuruciya, daga nan ba ya sauyawa sai in ciwo ko rauni ko tiyata ta taɓa idon kansa. Na tagwaye masu kama ɗaya ya bambanta, na dama da na hagu a mutum guda ma ya bambanta. A kan wannan John Daugman na Jami'ar Kambirij ya gina hanyar gane mutum ta baƙin idonsa, ya yi mata rajista a 1994. Na'urorinsa suna aiki da wani haske da idon mutum ba ya gani, domin shi ne ke ratsa duhun idanu irin na mutanen Afirka da Asiya ya fito da zaren. Da wannan hanya aka tabbatar a 2002 cewa Sharbat Gula ita ce yarinyar nan ’yar Afganistan da aka ɗauki hotonta a sansanin gudun hijira a 1984, bayan shekara goma sha takwas na wahala da haihuwa. Indiya ta yi wa mutum sama da biliyan ɗaya rajista da ita. Da a ce kowane zazzaɓi da kowace karaya suna barin layi a ido kamar na mujiyar Peczely, da tsarin ya rushe a shekararsa ta farko.

Tun daga 2019 dubban mutane daga Sabon Birni da Isa da maƙwabtansu na Zamfara da Katsina suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi, ƙasar da kakannin wasunsu suka kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Tsarin rajistar da hukumar ’yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ke amfani da shi yana ɗaukar zanen yatsu da hoton baƙin ido. Matar da aka ɗauki nata a ranar da ta iso da goyo, idan ta dawo bayan shekara biyu ta yi zazzaɓin cizon sauro, ta yi shawara ta warke, ta sake haihuwa, ta rame, na'urar za ta leƙa idonta ta fito da sunanta da na ’ya'yanta.